Waƙar Dashen Shinkafa a Sentul

Jiya ƙamshin shayin madara a Sentul, unguwar da nake zaune ina karatu a ƙasar waje, ya tuna mini da wani tsoho da ya saba zama a shagon shayin 'yarsa. A ƙuruciyarsa ɗan fim ne kuma mawaƙi a kudancin Indiya.

Na taɓa ce masa, "Baba, yi mini waƙar soyayya irin wadda muke kallo a Kano."

Ya yi murmushi. "Ɗana, ni a manomi nake fitowa, ba jarumi ba."

Ya tuɓe takalmi, wai ba a shiga gona da shi, ya rera waƙar dashen shinkafa yana ƙwanƙwasa tebur. Na ce zan naɗi muryarsa bayan jarrabawa. Kafin in dawo an binne shi.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa kamar fadamar garinsu.