Wanda Ya Riga Baba Zuwa Ɗakin Hoto

Mun tashi da asuba daga Dakoro, ni da Baba, a bayan kamiyon wani ɗan kasuwa mai kai wake Maraɗi. Tari ya addabi Baba tun damina, anfirmen garinmu, mai yi mana allura da ba da magani, ya ce sai an ɗauki hoton ƙirjinsa a babbar likita, wato asibitin Maraɗi. Ni tsorona tarin fuka, shi ya kashe ƙanensa. Shi kuwa tsoronsa injin hoton. Da ƙyar ya hau mota, wai rakiya ce kawai zai yi mini.

Hanyar rairayi ce zalla. Mota ta kafe, maza su sauka su tura, Baba na bisa buhu yana koya wa direba tuƙi, shi da ko amalanke bai taɓa kora ba. A Sabon Maci muka sha fura da nono na dala guda, Bafillatanar ta cika ƙwarya kamar don ɗanta. Gaba kaɗan jandarma ya tare mu. An canja tuta a ƙasar nan, amma ɗaure fuskarsa na nan yadda Nasara ya bar ta. Da la'asar muka shiga Maraɗi, ko'ina dalar buhunan gujiya.

Da safe muka je likita. A ɗakin hoton muka tarar da wani kwance bisa tebur, lulluɓe da farin zane. Baba ya ce, "Sannu da jiki, bawan Allah." Shiru. Ya raɗa mini cewa wannan jikinsa ya yi tsanani. Da mai injin ya kira mu, Baba ya ƙi tashi. "Ɗana, wannan ya riga mu zuwa, kuma ya fi ni jin jiki."

Mai injin ya danne dariya, ya yaye zanen. Ashe mutum-mutumin roba ne, ba hannu ba ƙafa, daga Faransa aka kawo shi. Da shi ake gwada injin kafin a tsai da mai rai, kada hasken ya yi wa mutum yawa. Ni dai na yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya harare ni, ya ce to a fara da shi ya gani.

Hoton mutum-mutumin ya fito, ga haƙarƙari reras. Baba ya tambayi wane masassaƙi ne ya iya ƙashi haka.

"Ba sassaƙa ba ce, Baba. Ƙashin mutum ne na gaske aka zuba wa roba."

"Ɗan wane ne?"

"Ba wanda ya sani."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tuɓe riga da kansa, ya je ya tsaya gaban injin. Ya ce in wannan na tsayawa kullum don mutanen da bai sani ba, shi ba ya da ta cewa.

Lokotoro ya duba, ya ce ba tarin fuka ba ne, sanyi ne ya kama ƙirji, ya rubuta magani. Wallahi sai da na fita waje na share hawaye.

Mun dawo Dakoro lafiya, bisa buhunan gishiri wannan karon. Ni na tafi neman lafiyar ubana, na same ta, na kuma gane har wanda ba ya motsi na iya yi maka rana. Ranar Juma'a Baba ya sa aka dama fura aka kai masallaci sadaka. Liman ya tambayi sunan mamacin. Baba ya ce, "Ban sani ba, malam. Yana Maraɗi, har yanzu yana aiki."