Layi Biyu a Littafin Awon Tauraro

Jidda zuwa Hada

Mun bar unguwar Bab Makka a Jidda ranar Asabar da ƙarfe biyar saura kwata, gari bai waye ba. Mu huɗu ne a motar a-kori-kura: ni, da Sa'id ɗan ajinmu, da Ustaz Abdulƙadir mai koya mana ilmin taurari, sai direba Baba Haruna, Bahaushen Sudan da ya yi dako tare da mahaifina a tashar jirgin ruwa. Ina shekara ta uku a jami'a, kuma ban taɓa kwana wajen Jidda ba sai don Hajji.

A Bahra muka karya da ful, wato dafaffen wake, da shayi. A shingen Shumaisi soja ya juya iƙamata, katin izinin zama, gaba da baya, sannan ya nuna akwatin madubin hangen taurari, ya tambaya ko igwa ce.

Baba Haruna ya ce, "Igwa ce, amma sama kaɗai take kallo."

Sojan ya yi dariya, ya ce yalla, mu wuce. Muka ratsa Makka, muka kama hanyar dutse mai lanƙwasa har kunnena ya toshe. Sha ɗaya da rabi muka isa Hada, bayan kusan kilomita ɗari da hamsin.

Kan dutse

Ɗakin duban taurarin ɗan ƙarami ne, rufinsa na zamewa gefe. Masauki tanti, abinci shinkafa da kifin gwangwani. Aikina in auna hasken wani tauraro mai ƙaruwa da raguwa duk rabin awa, in rubuta a littafi. Ustaz ya ce rahoton zai fita da sunayenmu, kuma da shi za a zaɓi wanda za a tura ƙaro karatu.

Dare na biyu sanyi ya sa na shige bargo. Na farka awo biyu sun wuce ni. Na dubi lambar sama da ta ƙasa, na ƙaga biyu masu dacewa, na cike gurbin.

Da safe Ustaz ya zana awon a takarda, ya yaba, ya ce bai taɓa ganin hannun ɗalibi mai tsabta haka ba. Muka sha shayi. Da Sa'id ya tashi wanke kofi, na ce, "Ustaz, biyu daga ciki ba na tauraron ba ne, nawa ne."

Ya jawo littafin, ya duba lambobin. Can ya miƙo mini rula, ya ce in ja layi ɗaya a kan kowace lambar ƙarya yadda za ta karantu, in rubuta dalili a gefe. Na tambaya me zan rubuta.

"Me ya faru?"

"Barci."

"To, rubuta barci."

Ya ƙara mana kwana guda, ya zauna kusa da ni har asuba, yana riƙe da agogo.

Komawa

Laraba da hantsi muka sauko, la'asar muna Kurayyat, unguwarmu a Jidda. Karatun waje Sa'id aka ba, kuma ya cancanta. Littafin ya shiga ma'ajiyar jami'a da kalmar nan sau biyu, da rubutun hannuna. Inna ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce na rame, ta tambaya ko na ga abin da na je gani. Na ce na gani. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, sannan ga Ustaz, wanda bai taɓa tayar mini da maganar ba.