Katin Baa Modu

Asabar ta farko ta watan Disamba, shekarar da na shiga aji huɗu a firamare, tun kafin mu gama shan kunu Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron tsakar gidanmu na Bolori, ya sauko da wani tsohon gwangwanin madara daga saman kabad, ya zazzage shi. Hatimai suka zubo, 'yan guntayen roba manne a jikin katako, kowanne ya yi baƙi da tawadar bara. Daga waje ina jin ihun yara, sun zana gidan 'yar gala-gala a bakin layi, har ina gane muryar wadda ke yin maguɗi. Na dubi ƙofa, Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Rifkatu, wasa yana nan gobe, Disamba ce ba ta jira," in ji shi, ya miƙo mini almakashi. Ranar aka ɗauke ni aiki, ba albashi ba hutu, a kamfanin katin gaisuwa na Malam Bitrus akawu.

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ban taɓa son aikin nan ba. Baba akawu ne a wani ofishin gwamnati, mutumin wajen Biu, yana wuni yana buga hatimin wasu a takardun wasu, ya dawo gida maimakon ya huta kamar kowane uba sai ya zauna sassaƙa nasa. Ba silifas ɗin da ke tsinkewa a gidanmu ya tafi bola. Baba zai wanke shi, ya yanko inda robar ta fi laushi, ya zana hoto da biro, sannan ya bi da reza a hankali yana fitar da harshe gefe kamar ɗan makaranta. Farin kwali muna samowa a shagon Mama Ngozi a kasuwa, in ya ƙare mu warware kwalin sukari mu juya cikinsa. Soson tsohuwar katifa a murfin gwangwani shi ne wurin dangwalar tawada. Ja daga zoɓo ake dafa shi har ya yi kauri, shuɗi kuwa bular wankin Mama ce, wadda kullum sai an yi rigima a kanta. Abin liƙi ƙaro ne, a jiƙa shi tun jiya ya narke. Ni ce mai yanka kwali da naɗewa, ni ce mai jera katunan a kan tabarma in danne kowanne da dutse, ni ce kuma mai gadin kaji kada su bi ta kai. Kafin azahar bayana ya ƙage, yatsuna sun yi ja da shuɗi, ranar Litinin kuma 'yan ajinmu su yi ta kirana mai rini.

Abin da ya sa aikin ba ya ƙarewa shi ne Baba ba ya buga wa mutum biyu hoto ɗaya. Kowane gida da hatiminsa. Mama Ngozi sikeli ce, tela na bakin layi almakashi, Fasto ɗan rago, matar Shuwa da ke kawo mana nono ƙwarya da ludayi. Na taɓa ce masa ya buga wa kowa tauraro mu huta, ai duk gaisuwa ce. Ya ce gaisuwar da ta dace da kowa ba ta kowa ba ce. Ba kuma Kirsimeti kaɗai ba, in Sallah ta zo a sake zazzage gwangwanin, domin yawancin masu hatiman nan Musulmi ne. Ran Kirsimeti bayan an taso daga coci, Mama ta zuba shinkafa da miya a kwanuka, a ɗora kati a kan murfi, ni da ƙanena Ishaya mu yi ta zirga-zirga cikin sababbin takalma masu cizo. Kwano ba ya dawowa fanko. Wani gida a saka dabino, wani gyaɗa, wani ɗan ƙullin turaren wuta.

Duk wahalar nan ba komai ba ce in aka zo kan katin Baa Modu. Baa Modu tsoho ne Babarbare, shi ya ba Baba ɗaki a zaurensa lokacin da ya sauka Maiduguri da tabarma ɗaya da takardar makaranta, bai san kowa ba. Manomin shinkafa ne, gonarsa a Zabarmari, kuma ko bayan Baba ya yi aure ya kama gidansa, buhun sabuwar shinkafa bai daina zuwa mana da kaka ba. Shinkafar Kirsimetin da muke kai masa ma tasa ce, dafawa kawai Mama ta yi. Kafin in yi wayo idonsa ya tafi. Kowa zai ce an huta da kati ɗaya, amma ban da Baba. Sai ya sassaƙa zangarniyar shinkafa, babba, ya daina dangwala ta a tawada, ya koma dangwala ta a ƙaro mai kauri. Ya buga a kwali, tun bai bushe ba a barbaɗa yashi, a bari ya sha iska, a kaɗe. Inda ƙaron ya taɓa yashi ya kama, hoton ya taso, yatsa na jin kowace ƙwaya. Yashin kuma ba na ƙofar gida ba, sai na bakin kogin Ngadda, ni zan ɗebo, ni zan tankaɗe da rariya, in sake tankaɗewa da tsohon ɗankwalin Mama har ya yi laushi kamar gari. In ƙaro ya yi ruwa hoton ya baje, in ya yi kauri ya dunƙule, sai a sake daga farko. Baba yana yi yana cewa alheri danƙo ne, ni kuwa ina cewa a raina danƙon dai a hannuna yake.

Ni nake kai wa Baa Modu nasa, ba a ba Ishaya don yana gudu da kwano. Ina samunsa a kan buzu a zaure, carbi a hannu. In na yi sallama ya amsa da gaisuwar Barebari, ya ce, "Wushe, wushe, 'yar mai hatimi." Ba ya taɓa abincin sai ya karanta katinsa. Ya ɗora shi a gwiwa, ya bi zangarniyar da babban yatsa tun daga kara har ƙarshe, sannan ya yanke hukunci kamar yana tsaye a gona. Wata shekara ya ce bana shinkafar Bitrus ta yi ido. Wata shekara ya ce in gaya wa Baba ya rage ruwa. Baba yana jiran wannan saƙo fiye da yadda yake jiran ƙarin girma a ofis.

Ina ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare gari ya rikice. Ba zan tsaya bayani ba, wanda ya zauna Maiduguri a shekarun nan ya sani, wanda bai zauna ba kuma ko na faɗa ba zai ji yadda yake ba. Abin da na fi tunawa ba tsoro ba ne, gajiya ce. Gajiyar sauka daga mota a ɗaga hannu a wuce shinge, gajiyar komawa gida da rana tsaka saboda dokar hana fita, gajiyar kwanciya a ƙasan aji in an ji ƙara. Yara suka daina zana gidan gala-gala a layi. Mama Ngozi ta rufe shago ta tafi garinsu, tela ya ɓace ba sallama, matar Shuwa ta daina zuwa. Baba bai jefar da hatimin kowa ba, yana dai ware su gefe guda a kan tabarma, gefen kuma sai ƙaruwa yake.

Mama ta ce mu tafi Gombe wurin yayanta. Kullum maganarta ke nan, da safe da yamma: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Baba kuwa saura 'yan shekaru ya yi ritaya, ga gidan da ya gina da guminsa, ga taurin kai irin na mutanen dutse. Da ta matsa masa sai ya yanke magana: "Ranar da katin Baa Modu ya dawo mini, ranar zan ɗaure kaya. Muddin akwai ƙofar da ake karɓar gaisuwata, garin nan garina ne." Ya san abin da ba zai taɓa faruwa ba ya faɗa. Maganar ta yi masa daɗi har ya riƙa maimaita ta, a coci, a ofis, har a zauren Baa Modu, ina zaune ina ji. Tsohon yana ji, carbinsa kawai yake ja. Mama ta daina jayayya, ta rame, ta koma kwana da takardun makarantarmu a ƙulle cikin jaka a gefen filo.

Disambar shekarar babu farin kwali, da kwalin sukari muka yi. Ba mai zuwa bakin kogi, sai ragowar yashin bara na sake tankaɗewa. Amma Baba ya zauna wa zangarniyar nan kamar ba abin da ke faruwa a duniya, ta kuwa fito da kyau fiye da kowace shekara. Ran Kirsimeti Mama ta yafa mini gyale, ta ce in bi ta lungu, kada in tsaya ko'ina. Layin shiru, ƙofofi a rufe, ba wanda ya ce mini barka. A ƙofar Baa Modu ɗansa Bukar ya tare ni, yana waige-waige. Ya ce cikin raɗa in yi haƙuri in koma, yanzu ana lura da wanda ke shiga gidan wa. Ban gama juyawa ba na ji muryar tsohon daga ciki: "Bukar, bar ta. 'Yar mai hatimi ce."

Ya karɓi katin ya ɗora a gwiwa kamar kullum. Ya bi shi da yatsa, ya kai ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi. Ya daɗe har ƙafata ta yi tsami a tsugune. Sannan ya sa aka juye shinkafar, aka cika kwanon da dabino har murfi ba ya rufuwa, aka ɗora ƙullin turare. Ya laluba ya kamo hannuna, ya saka mini katin a ciki, ya naɗe yatsuna a kai. "Ki ce wa Bitrus shinkafa ta nuna, bana ba ta da aibi. Ki mayar masa da wannan." Na ce, "Baa, naka ne fa." Ya ce, "Na sani, 'yata. Ki mayar masa."

Da kuka na koma gida, kukan haushi. A ganina mun sha wahalar banza, tsohon da muke tankaɗe wa yashi shekara da shekaru ya ji tsoro ya juya mana baya. Na dire kwanon, na jefa wa Baba katin a kan tabarma ina faɗin abin da ya fi ƙarfin bakina. Baba bai tsawata mini ba. Ya dubi kwanon da ya cika ya tumbatsa, ya ɗauki katin ya kai kusa da tabarau. A tsakiyar zangarniyar yashin ya goge, kwali ya fito fili, daidai faɗin babban yatsa. Ya sa na maimaita masa saƙon kalma bayan kalma. Sannan ya cire tabarau ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Ba korata ya yi ba, Rifkatu. Da bakina na nuna masa ƙofar da zai fitar da ni, shi kuma ya fi ni sanin abin da ke zuwa." Ya juya wajen Mama ya ce ta sauko da akwatuna. Mama ba ta yi murna ba, zama ta yi a bakin murhu ta rufe fuska da zane.

Kafin sabuwar shekara muna Gombe. Baba ya bar aikinsa, ya bar gidansa, ya ɗauko gwangwanin madara a cinya har muka sauka. Ba a daɗe ba abin da Mama ke gudu ya iso layinmu, kuma gidajen da suka tsaya ba duka ne suka ba da labari ba. Baa Modu ya rasu da daminar da ta biyo, a waya Bukar ya faɗa mana. Baba bai ƙara sassaƙa ko da ɗan tauraro ba har shi ma ya bi tsohon.

Yanzu na dawo Maiduguri, ina koyarwa a wata firamare, gari ya lafa, yara sun koma zana gidan gala-gala a layi. Ran Kirsimeti wayata cika take da gaisuwa, hoto ɗaya mai ƙyalƙyali daga mutane da yawa, ni ma in tura shi gaba ina kwance, don ba ni da ƙarfin da ya wuce haka. Gwangwanin yana saman kabad ɗina, robar ta bushe ta tsattsage, zangarniyar ta zubar da rabin ƙwayoyinta. Kowace Disamba nakan ce bana zan jiƙa ƙaro in koya wa 'yan ajina, sai jarrabawa ta zo, sai ciwon baya, sai wata ya wuce. Katin kuwa yana cikin Littafi Mai Tsarki na Baba. Wani lokaci nakan rufe ido in ɗora yatsana inda yashin ya goge, in ji kewar aikin da na yi shekaru ina tsinewa. Cikin duk katunan da na yi dakonsu a rayuwata, wanda aka dawo mana da shi ne kaɗai na tabbata an karanta.