Faransawa Goma Sha Biyu Masu Huda a Ƙirji

Shekarar da na sauka Abakpa da zuga-zugina da ƙaramar uwar maƙera da nake dukan ƙarfe a kanta, ban san kowa a Kaduna ba. Maƙerin fari ne ni, zobe da warwaro nake yi. Matata ta rasu a Zariya damina ɗaya kafin nan, na kasa zaman gidan, na tattaro na taho. A gidan hayar da na kama ɗaki, gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da mutane. Ni ma ba kanwar lasa ba ne, fuskata kullum a murtuke take.

Wata rana wani tsohon Bature, akawu a wani ofishin gwamnati, ya tsaya a rumfata. Ya fito da ɗan sojan dalma wanda bai kai ɗan yatsa ba, hannunsa ya karye. Na liƙe masa. Da Hausarsa ta bariki ya ce in zo ran Lahadi, akwai sauran masu rauni.

Da na je, na tarar da tebur shimfiɗe da yashi, an yi tuddai da rafi, sojojin dalma sun ja daga. Shi kaɗai yake wasan. Ya motsa sojojin Ingila, ya zagaya ɗaya gefen ya motsa Faransawa, yana auna tafiyarsu da rula. Na ce a raina, wannan tsoho ya fi ni maraici. Ya ce in riƙe Faransawa. Ashe dara ce, sai dai tasu da yawan dokoki. Tun daga nan duk Lahadi bayan azahar ina can. Ba wata hira muke ba, amma akwai mai jiran zuwana, kuma wallahi wannan kaɗai nake ɗoki a mako.

Da muka ƙare yaƙe-yaƙen da ya sani, saura ɗaya. Ya ce Faransawa suna da wasu mahaya da suke zuwa fagen fama a kan doki, sannan su sauka su yi harbi a ƙasa. Nasa duk a kan sirdi aka zuba su. Sau uku yana rubuta wa kantunan ƙasarsu neman waɗanda suke tsaye a ƙasa, amsa ɗaya ce: babu.

"In babu su, maƙeri, sai mu share tebur," in ji shi.

Ban so wasan ya ƙare ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni mako biyu."

Zubi ba baƙona ba ne: a siffanta da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba dalma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yin surar mutum. Gyaran hannun da wani ya ƙera daban, ƙera mutum sukutum daban. Na sami malamin da ke karantarwa a zauren maƙwabtanmu, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ya kawo ni." Ya saurara, ya ce cikakkiyar sura ita aka hana. In an rage mata abin da mai rai ba zai rayu ba in babu shi, kamar a cire kai ko a huda ciki, to da sauƙi.

Soja babu kai ina amfaninsa? Sai na zaɓi huda. Na zuba goma sha biyu a tsaye, kowanne da bindiga da doguwar hula da takalmin hawa. Na ɗauki basilla na huda ƙirjin kowanne har ta ɓullo ta baya. Na yi musu shuɗin fenti. Ban taɓa aikin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba.

Ran Lahadi na kwance ƙyallen da na ƙunso su a gabansa. Fuskarsa ta washe, ya jera su bakin rafi. Sai ya ɗaga ɗaya wajen taga, haske ya ratsa ta hudar. Ya tambaya, na ba shi bayanin Malam dalla-dalla, har da 'yar dariyata.

Ya mayar da sojan kan yashi. Can ya ce yana saurayi shi ma sojan doki ne, a yaƙin duniya na farko. Wata safiya aka ce su sauka su tare wata gada da ƙafa. Shi aka bar wa riƙon dawakai a baya. Da yamma shi ya jera gawarwakin abokansa, harsashi ya huda su.

Ranar ba mu yi wasa ba. Lahadin da ta biyo, kukunsa ya tare ni a ƙofa ya ce maigida ba ya jin daɗi. Ta gaba ma haka. Na ji haushin Malam, na ji haushin basilla, na fi jin haushin kaina, don da hannuna na rufe ƙofar da na yi aikin don kada a rufe.

Kafin kaka ya ajiye aiki ya koma ƙasarsu. Kukun ya kawo mini akwatin katako. Faransawan da na saba riƙewa ne, duk a kan dawakansu. Na zazzage, na lalube har ƙasa. Goma sha biyun nan babu ko ɗaya, da su ya tafi.

Ran Lahadi bayan azahar na jera mahayan a kan tabarma, na auna musu tafiya da tsinken tsintsiya. Na tashi na zagaya ɗaya gefen, kamar yadda na tarar da shi yana yi. Ko soja ɗaya babu a can da zan motsa.