Mayafin Ladi da Jirgin Labo

Ku matso, akwai wani asiri na Labo mai jirgi da ko kifin bakin gada bai ji ba. Amma ku dakata, ba a fara cin tuwo daga gindin kwano.

Labo dai ɗan Gaya ne, an haife shi ƙafa ɗaya cikin kogi. Tun yana da gashin kai yake fariya wai ko an ɗaure masa ido zai kai ka Malanbil, can tsallaken kogi a ƙasar Benin. Shekara ashirin yana wannan cika baki babu mai saye, don ga gada, wa zai biya kwale-kwale? Sai da soji suka karɓi mulki aka toshe gadar, kamiyo, manyan motocin kaya, suka yi layi har ido ya gaji, sannan kasuwarsa ta buɗe. Alhaji Siddo ya sayi jirgi mai inji ya danƙa masa, da sharaɗi guda: ranar da jirgin ya hau yashi da kayan mutane, ranar zai ajiye makulli.

Ku ga Labo a bayan jirgi, ƙirji gaba kamar janar, ido ja wur. Tabar wiwi ce, kowa ya sani, shi yana kiranta maganin sanyin ruwa. Hayaƙin da ya zuƙa a duniya, da an tara shi da an yi ruwan sama a garin Bana.

Abin da mutane ba su lura ba, kogi yakan sauya kwanciya. Inda yake da zurfi bara, bana tudun yashi ne. Shi kuwa Labo kogin da ke kansa na zamanin samartakarsa ne. Ka nuna masa sabon tudu da hantsi, kafin azahar ya nufe shi gadan-gadan kamar gidan surukai.

To ga asirin. Kun san matar nan mai kwandon busasshen kifi da kullum ke zaune a goshin jirgi kamar fasinja? Ladi ce, matarsa, ɗiyar masunta daga Tunuga, mai gane zurfi daga launin ruwa. In ta ɗora mayafi a kafaɗar dama, janar ya karya dama. In ta mai da shi hagu, ya bi. Mayafi ke tuƙin jirgin Alhaji Siddo wata goma sha ɗaya!

Ran nan da la'asar ina wucewa ta bayan dannin karan gidansu, ƙaya ta kama mini riga, dole na tsaya. Ashe Kaltuma ce ta zo hutu, ɗiyar ƙanwarsa mai karatun likita a Yamai. Ladi ta zayyane mata komi, ta ce ita daga gobe ta bar zaman goshin jirgi, bayanta ya gaji.

"Kawu," in ji Kaltuma, "ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba su taɓa juna. Tsakanin kowane biyu akwai rata, kamar mu da Malanbil. Mai aikawa yana da ƙananan ƙofofi, wani gishiri da ake ce wa kalsiyom ya shiga ta nan, sannan saƙo ya tashi ya haye. Hanyar da ake yawan bi ta ƙara ƙarfi, wadda aka bari ta yi rauni. Koyo ke nan."

"To mi ya haɗa ni da gishiri?"

"In saƙo ya yi wa na tsallake yawa, sai ya mayo da wani sinadari baya, ya ce a rage. Ƙofofin su tsuke ɗan lokaci, a wurin nan kaɗai. Sinadarin nan ɗan'uwan abin da ke cikin tabarka ne."

Labo ya washe baki. "Kin ji ko, Ladi? Allah da kansa ya dasa mini ita a kai!"

"Ya dasa maka da ma'auni, Kawu. Taka da kake zuƙa ba ta san wuri ba, ba ta san lokaci ba, ƙofa dubu take tsukewa tare. Tsohon kogi ya riga ya zauna, sabon ne bai samun wurin shiga."

"In ya bari fa?" Ladi ta tambaya.

"Ana sa rai ya gyaru da sannu, Inna. Ba gobe ba dai."

Gobe kuwa buhu sittin na albasa ke jiransa a bakin ruwa. Labo ya juya makullin inji a tafin hannu. Ya roƙi Ladi kwana uku, ta ce ko wuni. Ya ce zai gane tudun da kansa, ta ce ya faɗi a wane gefe yake. Ya nuna dama da ƙarfin hali. Hagu ne.

Ni kuma dariya ta kufce mini.

Danni ya buɗe, sai ga jan ido a kaina.

"Zakariya'u! Tun yaushe?"

"Yanzun nan, Malam Labo, ƙaya ce..."

"Ƙaya? A dannin kara?" Ya dube ni, ya dubi makullin. "Bakinka zai riga ni zuwa gidan Alhaji, ya ƙara gishiri. Wuce gaba. Da hannuna zan miƙa masa, kai kuwa ka tsaya ka ji daga kusa."