Bindigar da Baba Ya San Muryarta

Ran nan da asuba na daka ɗan geron da ya rage mana. Shekara ta biyu ke nan ruwa ya ƙi. A ƙauyenmu, kusa da Kurawa, shuka ba ta kai gwiwa ba ta bushe. Daga ƙofar gida kana hango mutum har bakin kwari.

Surukina, Baba, tsohon sojan Faransa ne, daga Nijar aka ɗebe shi yana saurayi. Kullum labarinsa ɗaya, wata gajeriyar bindiga da suke kira Mat. Wai bayan babban yaƙi Faransawa suka ƙera ta, shi kuma ya riƙe ta a Aljeriya, da Faransawan za su tafi suka bar wa jandarmomin Nijar irinta. Harsashi talatin da biyu take ci. Mun ji har mun gaji. Ni kam in ya fara, sai in tuna da tukunya a wuta.

Da hantsi muka ji muryar bindigar nan, daga wajen gidan mai gari. Ba ta yi kama da ta mafarauta ba, sai ka ce keken ɗinki. Ɓarayi ne suka zo wa rumbuna.

Baba ya tara mu bayan danga, mu tara. Da shekarar kirki ce, cikin gero za mu shige. Yanzu fili ne fetal har kwari. Ya ce in harsashinta ya ƙare sai mai ita ya tsaya ya sake wani, lokacinmu ke nan. Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi, yana ƙirga harsashi. Na danne bakin goyona. Sai shiru.

"Ta ƙare! Ku ruga!"

Muka ruga. Mijina Garba na baya, ya goya Inna, mahaifiyarsa, don ba ta iya gudu. Mun kai tsakiyar fili wata bindigar ta buɗe wuta daga wajen rijiya. Ashe biyu ne. Ƙasa na tashi kusa da ƙafata. Ban waiwaya ba. Wallahi ban waiwaya ba.

A kwari muka kwanta har azahar, sannan muka bi gefensa. Da la'asar muka shiga Kurawa. Aka kawo ruwa, Baba bai sha ba. Ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya ce, "Ɗiyata, bindiga guda na ji."

Na ce na sani, Baba.

Mu bakwai muka isa. Washegari maza suka koma, suka sami gawar Garba da ta Inna wuri ɗaya, zanen goyon bai ko kwance ba.