Ɗinkin da Ba Nasa Ba

A unguwar masu fata ta Guangzhou a ƙasar Sin, in ka ce Kwong mai farke jaka, kowa ya san shi. Maigidansa ya sayo jaka mai tsada daga Turai, Kwong ya farke ta ɗinki-ɗinki, ya fitar da yankanta, teloli su yi ta buga irinta. Hannu kam yana da shi. Amma matarsa Yuk-lan da leda take zuwa kasuwa.

"Tsoho, duk matan duniya ka rataya musu jaka, ni ce ta leda?"

"Bari aiki ya lafa, tsohuwa."

Ina fa! Aiki bai taɓa lafawa ba. Da furfura ta cika kansa, kunya ta ishe shi. A ganinsa matarsa ta fi ƙarfin jabu, sai ya tsallaka Hong Kong ya sayo mata ta asali. Ya naɗo ta a tsohuwar jarida don kada ta yi masa faɗan ɓarna.

Yuk-lan ta bi ɗinkin da yatsa, sai ga hawaye.

"Kai, tsohon banza! Ashe a ɓoye kake ɗinka mini? Ko ido rufe na san hannunka."

Kwong bai taɓa ganin ta yi murna haka ba, ya kasa faɗa mata cewa sayowa ya yi.

Ko'ina da ita take zuwa, har citta da busasshen kifi take zubawa ciki. In ƙawayenta na gidan shayi suka tsokane ta da cewa jabu ce, sai ta ɗaga kai.

"Jabu ce mana! Mijina ya ɗinka mini. Ku wa ya ɗinka muku?"

Duk ran da ta faɗi haka, abincin ranar ba ya shigar masa. Ya ƙudura zai ɗinka mata tata, sannan ya faɗi gaskiya. Yana jiran aiki ya lafa, ciwon ajali ya ɗauke ta.

Ranar share kaburbura, mutane na ƙona wa mamatansu jakunkunan takarda don su same su a lahira. Kwong ya zo kabarinta da ta fata, yankansa, ɗinkinsa, babu tambarin kowa. Ya cinna mata wuta. Fatar ta ƙanƙance, ta yi ta hayaƙi, ta ƙi ci. Ya durƙusa yana hurawa, hawaye na zuba.

"Karɓi mana, tsohuwa. Wannan ce tawa."

Wutar ta sake mutuwa.